Paul Ehrlich, lokotoron da ya koyi sirrin magani daga galura

 Yau ƙasar Jamus za mu je, mu ɗauko labarin wani mutum da ya bar duniya tun shekarar 1915. Da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali duk wanda ya taɓa haɗiyar ƙwayar magani ko aka yi masa allura yana cin moriyar tunaninsa. Sunansa Paul Ehrlich, ana faɗin sa Erlish.

Tambayar da ya ƙare rayuwarsa a kanta, kowa na iya yin ta. In mutum ya sha magani ya bi jini, ta yaya maganin ke sanin inda ciwo yake? Amsar da Ehrlich ya bayar ita ce magani bai san kome ba. Zagaya jiki yake yi gaba ɗaya, inda ya samu wurin kamawa nan yake tsayawa ya yi aiki, in kuwa bai kama ba to babu aikin da zai yi. Wannan amsa a wurin rini ya samo ta.

Yaron da hannunsa ba ya rabo da rini

An haifi Paul Ehrlich ranar 14 ga watan Maris na 1854 a wani ƙaramin gari mai suna Strehlen, wanda a lokacin yana cikin Jamus, yanzu kuma yana cikin ƙasar Polan. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa Ismar yana da masaukin baƙi, mahaifiyarsa kuma Rosa sunanta. Ya yi lakol a birnin Breslau, daga nan ya shiga karatun likita a jami'o'in Breslau da Strasbourg da Freiburg da Leipzig.

Zamanin nan kuwa zamanin galura ne. A 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya fitar da rini daga kwaltar gawayin ƙasa, bayan haka masana'antun Jamus suka shiga fitar da launuka iri-iri suna cika kasuwannin duniya da su. Ehrlich yana da wani ɗan uwa ta wajen uwa, Karl Weigert, wanda ya girme shi da shekara 9, shi ne ya nuna masa yadda ake yanka tsoka siririya a rina ta a duba da mikroskop, wato madubin nan da ke girmama abin da ido ba ya gani. Tun daga nan yaron ya kamu. Teburinsa, rigarsa da yatsunsa kullum cikin launi suke, har ana ba da labarin cewa wani malaminsa ya gabatar da shi ga baƙo a matsayin gwanin rini wanda ba a sa ran zai ci jarrabawa. Ya ci kuwa, a 1878 ya samu digirinsa na likita, kuma littafin da ya rubuta don samun digirin a kan rini ne.

Abin da ya lura da shi, masu sayar da zane da marina sun san shi tun tuni. Ba kowane rini ke kama kowane yadi ba. Wani ya kama auduga ya ƙi leda, wani ya kama da kyau, wani kuma wanki ɗaya ya zuba. Ehrlich ya ga haka abin yake a cikin jikin mutum. Jiki an gina shi ne da ƙananan tubala masu rai da masana ke kira selil, to wani rini sai ya kama wani irin selil ya bar na kusa da shi fari fat. Da wannan dabara ya rarrabe fararen selil na jini gida-gida, gwargwadon rinin da kowanne ke so, kuma har yau da sunayen da suka samo asali daga aikinsa ake kiran su. Ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa a shafa a gilashi a rina don neman zazzaɓin cizon sauro, jikan wannan aiki ne.

Barlin, tarin fuka da Masar

Da ya gama karatu sai ya kama aiki a Charité, babban gidan likita na birnin Barlin. Ranar 24 ga Maris na 1882 yana cikin zauren da Robert Koch ya bayyana cewa ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. Matsalar ita ce ƙwayar tana da wuyar gani. Cikin ɗan lokaci Ehrlich ya fito da hanyar rina ta yadda za ta fito sarai, kuma daga hanyarsa aka gyaro wadda ake gwada majinar mai tari da ita har yanzu. A 1883 ya auri Hedwig Pinkus, ɗiyar wani mai masaƙa, suka haifi ɗiya biyu mata, Stephanie da Marianne.

Bai tsaya ga matacciyar tsoka ba. Ya riƙa yi wa dabbobi masu rai allurar rini yana bin inda ya sauka. Ya ga wasu launuka suna rina kusan duk sassan jiki amma su bar ƙwaƙwalwa, ya ga wani shuɗin rini da ake kira metilen yana zaɓar jijiyoyi ya bi su. Ana cikin haka, a 1888, ya duba majinarsa da dabarar da shi kansa ya ƙirƙiro, sai ga ƙwayar tarin fuka. Ya ajiye aiki, ya tafi Masar tare da matarsa neman busasshiyar iska, ya komo a 1889 da sauƙi.

Da ya komo sai ya yi wani lissafi mai sauƙi. Tunda shuɗin metilen yana kama ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a kan gilashi, me zai hana ya kama ta a cikin jinin majinyaci ya illata ta? A 1891 shi da wani lokotoro, Paul Guttmann, suka ba mutum 2 masu zazzaɓin wannan rini a Barlin, suka warke, sai dai fitsarinsu ya canza launi na ƴan kwanaki. Rinin bai kai kinin ƙarfi ba, amma wannan ne karon farko da aka warkar da irin wannan cuta da sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Daga wannan tushe masana Jamus suka yi ta gyara har a 1934 aka samu kulorokin, wadda muka sani da sunan Nivaquine.

Guba da makarinta

A 1891 ɗin nan Koch ya ɗauke shi aiki a cibiyarsa. Ehrlich ya ɗauki guba biyu daga tsirran da muka sani, ta ƴaƴan zurman da ta idon zakara. Ya riƙa ba ɓeraye kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, har suka kai suna jure abin da zai kashe ɓeran da bai saba ba nan take. Abin mamaki, ɓeran da ya saba da gubar zurman, in aka ba shi ta idon zakara mutuwa yake yi. Ke nan makarin da jiki ya yi na guba ɗaya ne tak. Ya kuma nuna cewa uwa tana ba ɗanta wannan kariya ta cikin nono.

A lokacin cutar mashaƙo tana kashe yara bila adadin a Turai. Emil Behring ya gano cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da gubar cutar yana warkarwa, amma kwalba ɗaya ta yi aiki wata ta ƙi, don ba a san ƙarfin abin da ke ciki ba. Ku ɗauka kasuwar hatsi ce da kowa ke awo da tiyar da ya ga dama. Ehrlich ne ya yanka tiya ɗaya: ya tsayar da ma'aunin da ake gwada kowace kwalba da shi kafin ta fita. Maganin ya samu karɓuwa, Behring ya yi dukiya, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1901, rabon Ehrlich kuwa bai taka kara ya karya ba, zumuncinsu ya yi tsami. Gwamnati dai ta ba shi cibiya tasa a 1896, a 1899 aka mayar da ita birnin Frankfurt.

A 1897 ya fito da bayanin da ya sa sunansa ya ɗaukaka. Ya ce kowane selil yana da ƴan rassa a jikinsa, kowane reshe da siffarsa, da su yake cafko abinci. Guba tana cutarwa ne in siffarta ta dace da wani reshe ta maƙale masa. Daga 1900 ya riƙa kiran waɗannan rassa da wani suna wanda a Hausa za mu iya cewa makama. Wani masanin Jamus, Emil Fischer, ya riga ya kawo misalin kwaɗo da makulli a 1894, kuma misalin ya dace: makulli dubu na iya shiga hannunka, ɗaya ne zai buɗe shagonka. A 1908 aka ba Ehrlich lambar Nobel tare da Élie Metchnikoff saboda aikinsu kan garkuwar jiki.

Kamun din-din-din ko kamun ɗan lokaci?

A nan gardama ta tashi. Ehrlich ya ɗauka cewa in guba ta haɗu da makarinta, ɗauri ne mai ƙarfi da ba ya kwancewa. Wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya ce a'a, suna kamawa suna saki ne, kuma yawan kowannensu shi ke nuna ɓangaren da zai rinjaya. Sun shekara da shekaru suna ja-in-ja. Saboda wannan ra'ayi nasa, da farko Ehrlich ma bai yarda magunguna na yau da kullum suna da makama ba, tunda ana iya wanke su daga tsoka kuma aikinsu yana gushewa bayan sa'o'i. Sai wajen 1907 ya sauya, bayan wani Bature ɗan Ingila, John Langley, ya nuna a 1905 cewa sinadarin taba da wani dafin kibiya suna kokawa a kan wuri ɗaya a jikin tsoka, da kuma bayan abin da shi kansa ya gani a ɗakin bincikensa, wanda za mu zo kansa.

To wa ya yi gaskiya? Ilimin yau ya raba musu. Makama gaskiya ce, an fara ware ta a ɗakin bincike a shekarun 1970, kuma yawancinta furotin ne, wato wani dunƙulen sinadari mai lunguna da ramuka. Amma a batun saki da kamu, Arrhenius ya fi kusa da gaskiya. Mata sun san bambancin. Lalle in ya kama farce ya kama ke nan, sai farcen ya tsiro an yanke. Shunin turkuɗi kuwa yana zaune a zane amma yana bin fata. Magunguna kaɗan ne ke yin kamun lalle. Aspirin na cikinsu, shi ya sa tsinka jinin da yake yi ke kai mako guda ko fiye bayan an daina sha. Penisilin ma haka take ɗaure makamar ƙwayar cuta. Amma mafi yawan magunguna kamun ɗan lokaci suke yi.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar magani ɗaya ta ƙunshi ƙananan gutsattsari da ba su ƙirguwa, ana ce musu molekil. Kowane molekil in ya iso ramin makama, ƴan ƙananan riƙo ne ke tsayar da shi. Akwai jan da ke tsakanin ɓangare mai cajin lantarki da kishiyarsa, kamar maganaɗisu. Akwai riƙon da ake kira na haidirojin, wanda ya fi ɗaurin din-din-din rauni sau 20 ko fiye. Akwai mannewar da ke samuwa in siffa ta zauna daram cikin siffa. Akwai kuma halin maiƙo: kun ga yadda ɗigon man gyaɗa ke taruwa wuri ɗaya a cikin ruwa, haka ɓangaren magani mai maiƙo ke gudun ruwan jiki ya faɗa ramin makama mai maiƙo. Ko ɗaya daga cikinsu bai isa shi kaɗai ba, taruwarsu ce ke yin ƙarfi.

Kuma kamun nan ciniki ne, akwai uwar kuɗi akwai riba. Kafin su haɗu, magani da makama kowanne ruwa ya lulluɓe shi, sai an biya kuɗin korar ruwan nan. Magani yana yawo yana juyi yadda ya so, in ya shiga rami ya rasa wannan sakewa, nan ma an biya. Abin da ƴan riƙon nan suka kawo shi ne kuɗin sayarwa. In abin da aka samu ya fi abin da aka kashe, kamu ya tabbata, kuma gwargwadon ribar gwargwadon ƙarfinsa. Ƙarin riba kaɗan, kamar na riƙo ɗaya mai kyau, yana iya ninka ƙarfin kamu sau 10. Shi ya sa masu haɗa magani ke shekaru suna canza kusurwa ɗaya ta molekil.

Tunda kamu da saki ake yi, yawa yana da muhimmanci. In maganin da ke cikin jini ya yi kaɗan, yawancin makamai a sake suke. In kuma abu biyu suna neman makama ɗaya, mai ƙarfin kamu ko mai yawa shi ke ci. Misalin da ya shafe mu shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Iskar da gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jan sinadarin jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai ta ƙwace mata wuri, mutum ya mutu cikin barci.

Ciwon barci da darasin taurin kai

Mu koma ga Ehrlich. A farkon ƙarni na 20 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya kashe mutum sama da 200,000 a Yuganda. Dangin wannan ƙwayar cuta ne ke sa wa shanu sammore. Turawan mulkin mallaka sun damu, don cutar tana cinye musu ma'aikata da dabbobi. A 1904 Ehrlich da wani ɗan Japan, Kiyoshi Shiga, suka samu wani jan rini da ya warkar da ɓerayen da aka sa wa irin wannan ƙwaya, amma bai yi wa mutane da manyan dabbobi amfani sosai ba.

A 1905 masana a birnin Liverpool suka nuna cewa wani sinadari mai gubar arsenik, atoksil, yana kashe ƙwayar. Koch ya ɗauke shi ya tafi tsibiran tabkin Victoria a 1906 ya yi ta yi wa ƴan Afirka allurarsa. Wasu sun samu sauƙi, wasu kuma suka makance har abada, don maganin yana kama jijiyar ido. Wannan ɓangare ne mai ɗaci na tarihin: a jikin talakawan da ke ƙarƙashin mulkin mallaka aka gwada irin waɗannan magunguna, har da wasu da suka fito daga ɗakin binciken Ehrlich, a zamanin da ba a damu da neman yardarsu ba.

Makantar nan ta nuna masa ainihin aikin da ke gabansa. Kashe ƙwayar cuta ba wuya, wuyar ita ce a bar mai ɗauke da ita da rai da lafiya. Ana buƙatar maganin da zai kama makamar ƙwayar cuta da ƙarfi, ya kama ta mutum da rauni ko ya ƙi kama ta sam. Irin wannan magani ya kira harsashin sihiri, mai neman abokin gaba da kansa. Ya kuma kawo awon da ake bi har yau: a gwada adadin da ke warkarwa da adadin da jiki ke iya ɗauka, in tazararsu tana da faɗi magani ya yi kyau, in ta yi ƙunci akwai haɗari. A 1906 Franziska Speyer, matar wani attajiri mai banki da ya rasu, ta gina masa gidan bincike a Frankfurt don wannan aiki. A 1907 shi da Alfred Bertheim suka gano cewa siffar atoksil ba yadda aka daɗe ana zato take ba, kuma ana iya yi mata gyare-gyare. Suka shiga haɗa ɗaruruwan ƴan uwanta, kowanne da lambarsa.

A cikin wannan aiki ne ya ga abin da ya sauya masa ra'ayi. In aka ba ɓera maganin da bai isa ba, cutar ta lafa ta dawo, aka sake ba shi kaɗan, a ƙarshe sai ƙwayoyin su daina jin maganin ɗungum. Jikokinsu ma haka, ko an mayar da su jikin wani ɓera. Amma in aka kawo magani na wani gida daban, sai ya kashe su. Ehrlich ya fahimci cewa wani abu ya canza a wurin da maganin farko ke kamawa. Shi ne mutum na farko da ya yi nazarin taurin kan ƙwayoyin cuta filla-filla, kuma shawararsa ita ce a buga da wuri, a buga da ƙarfi, a kuma haɗa magani biyu ko fiye masu makama daban-daban.

Lamba 606

A 1905 aka gano ƙwayar tunjere, cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda a lokacin take cin fuska da ƙashi, ta haukatar, ta kuma bi uwa ta kama jariri. Maganinta a da shi ne zaiba, mai zubar da haƙora. A 1909 wani lokotoro ɗan Japan, Sahachiro Hata, ya zo Frankfurt, shi kuwa ya iya sa wa zomaye wannan cuta. Ehrlich ya sa shi ya sake gwada sinadaran da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya. Mai lamba 606, wanda aka haɗa tun 1907 aka ajiye, ya share ƙwayar daga jikin zomo, zomon kuma ya rayu.

Ehrlich bai yi gaggawar kai shi kasuwa ba. Ya sa aka raba kwalabe 65,000 kyauta ga likitoci, da sharaɗin su rubuto masa abin da suka gani, mai kyau da maras kyau. A watan Afrilu na 1910 shi da Hata suka bayyana sakamakon a taron likitoci a Wiesbaden, a ƙarshen shekarar kamfanin Hoechst ya fara sayar da shi da sunan Salvarsan. Gari ne rawaya a cikin liƙaƙƙiyar kwalba, in iska ta taɓa shi sai ya lalace gubarsa ta ƙaru, kuma sai an narka shi da tsabtataccen ruwa kafin allura. Inda aka yi sakaci an samu mace-mace. A 1912 ya fito da mai lamba 914, Neosalvarsan, wanda ya fi sauƙin haɗawa.

Nasarar ta zo da maƙiya. Wasu suka ce ya sauƙaƙa wa masu lalata, wasu suka ce tsadar maganin ta yi yawa, wasu kuma ƙiyayyar Yahudawa ce kawai ke cin su. Wani mai buga ƴar jarida a Frankfurt ya yi ta yaɗa cewa ana yi wa mata allurar da ƙarfi ana kashe su, har magana ta kai kotu a 1914, Ehrlich ya ba da shaida, aka ɗaure mutumin shekara 1 saboda ƙazafi. Ya ci shari'a, amma abin ya ci masa rai.

Waɗanda suka zauna da shi sun ce mutum ne mai fara'a da mantuwa, ofishinsa cike da tulin takardu har babu wurin zama. Kowace safiya yana rubuta wa ma'aikatansa umarni a ƴan katuna da fensir mai launi, in bayani ya kama shi kuwa ko a ƙofa ko a hannun rigarsa sai ya zana. Yana son labaran ƴan sandan ciki. Yakan lissafa abu huɗu da aikin bincike ke buƙata: kuɗi, haƙuri, gwaninta da sa'a, mun kuwa san ɗan kasuwa ba zai yi musun ko ɗaya ba. Aibinsa babba shi ne taba, yana shan manyan sigari wajen 25 a yini, abinci kuwa kaɗan. A ƙarshen 1914, bayan ɓarkewar yaƙin duniya na farko, ya samu shanyewar jiki. Ta sake buge shi, rai ya yi halinsa ranar 20 ga Agusta na 1915 a garin Bad Homburg, yana da shekara 61. An binne shi a Frankfurt.

Abin da ya bari

Da ƴan Nazi suka hau mulki sun cire sunansa daga titin da aka sa wa, matarsa ta yi gudun hijira ta rasu a Amurka a 1948. Daga baya Jamus ta mayar masa da darajarsa, har ta buga hotonsa a takardar kuɗi ta mark 200, wadda ta yi aiki har zuwan kuɗin euro a 2002. Penisilin ta maye gurbin Salvarsan a shekarun 1940, a 2005 kuma masana suka gano cewa siffar da ya zana wa maganin ba daidai take ba. Hanyar da ya shata ce ta ɗore. Daga rinin da ya gwada aka samo suramin na ciwon barci a 1916, kuma Berenil da masu shanu ke saya don sammore daga kamfanin Hoechst ɗin nan ya fito a 1955.

Darasin ɓerayensa kuwa mun gan shi da idonmu. Nivaquine ta yi shekaru tana ceton rayuka, sannan ƙwayar zazzaɓi ta samu hanyar fitar da ita kafin ta isa inda take kamawa, har ƙasashenmu suka bar ta a shekarun 2000 suka koma ga magani mai haɗi biyu na kwana 3. Mai tarin fuka ana fara masa da magani 4 a haɗe, jinyar kuma wata 6 ce. Duk shawarar Ehrlich ce ake bi.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, in an rubuta muku maganin kwana 7 kuka saya na kwana 2 don jiki ya yi sauƙi, ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, kuma su za ku kai gida. Kafson tetrasiklin in aka kora shi da nono ko madara, sai ya kama sinadarin da ke cikin nonon tun a ciki, kaɗan ne zai isa jini, kuma yana kama haƙoran yara ya ɓata su, shi ya sa ba a ba mai ciki da ƙaramin yaro. Maganin da ya yini a tire cikin rana kuwa, ba mai iya ce muku siffarsa tana nan yadda aka yi ta. Masu sayarwa da masu saye, a tambayi lokotoro ko ma'aikacin farmasi, a sha adadin da aka ce, a lokacin da aka ce, har ya ƙare.

Nan muka kawo ƙarshen tarihin Paul Ehrlich.